Kunnen Gidan Rediyo

Da wuya a sami ƙauye a ƙasar Agiye, ko ta Gazawa, ko ta Gidan Rumji, inda ba a sauraren rediyo. Manomi yana rataya tasa a reshen itace yana noma. Mai tebur yana ajiye tasa kusa da sukari da shayi. Da magariba mutanen gida suna taruwa su ji labarai da sanarwa: ranar da masu allurar rigakafi za su zo, ko cigiyar saniyar da ta ɓata, ko gaisuwar ɗan da ya tafi cin rani.

Mai maganar yana zaune a Maraɗi ko a Yamai, amma muna jin sa kamar zaure ɗaya muke da shi. Muryarsa ta bi ta cikin na'urori da yawa kafin ta iso wurinmu. Na farkonsu shi ne mikoro. A Katsina da Kano ana ce masa makirufo. In mikoro bai ji magana daidai ba, sauran na'urorin ba su iya gyara ta. Sai mai saurare ya ji "ran Talata" kamar "ran Laraba", ya kai yaronsa allura bayan masu allurar sun wuce.

Kun san mikoro irin na bikin aure, da na masallacin Juma'a, da na mai tallan magani a kasuwar Gazawa. Ana riƙe shi a hannu, yana shan rana da ƙura, yakan faɗi ƙasa a ɗauka a ci gaba da magana. Amma a ɗakin ɗaukar magana da waƙa, wanda ake kira sitidiyo, sau da yawa akan sami wani iri dabam. Shi ba a riƙe shi a hannu. Yana rataye a jikin sandar ƙarfe, cikin wani kwando na igiyoyin roba, kuma ba a barin kowa ya taɓa shi. Sunansa mikoro mai kwandansa. Da faransanci ana ce masa micro à condensateur. Shi za mu buɗe yau mu ga abin da ke cikinsa.

Sauti motsi ne

Kafin mu buɗe shi, sai mun san abin da yake ji.

Ku sami ganga, ku ajiye ta fatar tana kallon sama. Ku zuba ƴan ƙwayoyin gero a kan fatar. Ku buga a hankali. Geron yana tsalle. Ko bayan hannu ya tashi, yana ɗan ci gaba da rawa. Fatar ce take karkarwa, tana hawa tana sauka da sauri ƙwarai, har ido ba ya iya bin ta.

Duk sa'ad da fatar ta hau, tana tura iskar da ke samanta. In ta sauka, tana jawo ta. Iskar nan ta tura ta kusa da ita, wannan kuma ta tura ta gaba. Haka turawar take tafiya har ta kai kunnen mutum. Wannan shi ne sauti. Ku ɗora yatsa a maƙogwaronku ku ce "aaa", za ku ji karkarwa irin wannan. Murya ma haka take fita.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa da damina muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa. In kun ƙirga daƙiƙa 3 tsakaninsu, tsawar ta faɗi a nisan kilomita ɗaya ke nan.

Karkarwa mai nawa tana ba da sauti mai kauri, kamar na tambarin Sarkin Gobir a Tibiri. Karkarwa mai sauri tana ba da siririn sauti, kamar kukan gyare. Muryar babban mutum tana karkarwa sau 100 da ƴan kai a daƙiƙa ɗaya, taku kuwa wajen sau 300. Kunnen yaro mai lafiya yana jin tun daga karkarwa 20 har zuwa 20.000 a daƙiƙa. In mutum ya tsufa, siraran sautukan ne suke fara ɓace masa.

Yanzu ku juya gwajin. Ku bar geron a kan ganga, kada ku taɓa ta. Wani ya zo kusa ya buga wata babbar ganga da ƙarfi. Za ku ga geron yana motsi. Ba wanda ya bugi fatar nan sai iska. Watau fatar ganga tana iya fid da sauti, tana kuma iya karɓarsa. A cikin kunnenku akwai tantani mai wannan aiki, faɗinsa kamar santimita ɗaya. Mikoro mai kwandansa ma ƴar ganga ce da ba a bugawa, aikinta ji kaɗai.

Abin da ke cikinsa

Daga waje abu biyu za ku gani. A ƙasa akwai gangar jiki ta ƙarfe, tsawonta kamar na tocila. A sama akwai raga ta ƙarfe mai ƙananan idanu, wani lokaci ninki biyu ko uku. Ragar tana barin sauti ya shiga, tana tsare yatsa da ƙwaro. Tana da wani aikin kuma: tana kare abin da ke ciki daga ƙugin wayoyin lantarki na ɗakin.

In kun ɗaga shi wajen haske kuka leƙa ta ragar, za ku hangi wani abu zagayayye yana ƙyalli kamar zinariya. Faɗinsa kimanin milimita 25 ne, kusan daidai da kuɗin ƙarfe na dala ashirin. Wannan shi ne tantanin. An yi shi da wata irin leda mai ƙarfi, an ɗame shi a kan zobe kamar yadda makaɗi yake ɗame fatar ganga.

Kaurinsa fa? Ku duba abin awonku, ku ga milimita ɗaya. Ku raba ta kashi dubu. Kowane kashi sunansa mikiron. A yawancin irin wannan mikoro, kaurin tantanin wajen mikiron 6 ne. Sai an jera guda 160 da ƴan kai kafin su cika milimita ɗaya. Gashin kanku guda ya fi shi kauri kamar sau goma.

Ƙyallin da kuka hanga kuwa zinariya ce ta gaskiya. Leda ba ta ɗaukar lantarki, don haka ake shafa mata ƙarfe. An zaɓi zinariya don ba ta tsatsa. Amma kada wani ya sa rai: shafen ya yi siriri har ba ya sayen goro ɗaya.

A bayan tantanin akwai faranti na ƙarfe mai kauri, wanda ba ya motsi. An huda masa ƙananan ramuka da yawa kamar rariya, don iskar da ke tsakaninsa da tantanin ta sami wurin kaucewa in tantanin ya matso. Su biyun suna fuskantar juna, amma ba su taɓa juna. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi guda ba.

Ƙarfe biyu masu fuskantar juna, da ƴar rata a tsakani, shi ake kira kwandansa. Masu gyaran rediyo sun san shi sarai, akwai irinsa da yawa a cikin kowace rediyo. Aikinsa ajiye lantarki.

Lantarki yana ajiyuwa? Ƙwarai kuwa, kun ma taɓa gani. Da hunturu, ku goga bik a gashin kanku, sa'an nan ku kai shi kusa da ƴan gutsattsarin takarda. Za su tashi su manne masa. Lantarki ne ya taru a jikin robar, yana zaune, ba ya gudu. Shi ne kuma yake yin ƙyas-ƙyas da dare in kun ja bargo lokacin sanyi.

Irin wannan lantarki mai zama ake ɗura wa tantanin da farantin. Ga abin da ya kamata ku riƙe: in su biyun sun matso kusa da juna, wurin ajiyar yana ƙaruwa. In sun nisanta, wurin yana raguwa.

Ku tuna da salka. An cika ta da ruwa, an ɗaure bakinta. In kun matse ta, ruwan bai ƙaru ba ko ɗigo ɗaya, amma wurinsa ya ragu, sai ya riƙa tura fatar da ƙarfi. In kun saki, turawar ta ragu. Haka lantarkin nan yake. Yawansa bai sake ba. Amma in tantani ya ja baya daga faranti, wuri ya ragu, ƙarfin turawar lantarkin ya hau. In ya matso, wuri ya ƙaru, ƙarfin ya sauka.

To, mai magana ya buɗe baki. Iska ta bugi tantani. Tantani ya shiga, ya fita, ya shiga, ya fita, daidai yadda muryar take karkarwa. Ƙarfin lantarki kuma yana sauka yana hawa daidai da shi. In murya ta yi karkarwa 200 a daƙiƙa, lantarkin ma sau 200 zai yi. Siffar muryar ta koma cikin lantarki ke nan, ana iya aika ta ta waya, ana iya ajiye ta. A ƙarshen tafiya, lasifikar rediyonku ta karɓi wannan hawa da sauka, ta girgiza takardarta, ta tura iska, muryar ta sake fitowa.

Motsin tantanin ba ya ganuwa. In ana magana yadda aka saba, bai ko kai mikiron ɗaya ba.

Wutar da ba a ganin wayarta

Saƙon da ya fito daga tantani rarrauna ne. In an sa shi cikin doguwar waya haka nan, sai ya zurare a hanya. Saboda haka a cikin gangar jikin mikoron, dab da tantanin, akwai ƴar na'ura mai ƙarfafa saƙo. A da ana yin ta da kwalbar gilashi mai ɗaukar zafi, irin ta tsofaffin rediyoyi. Yanzu yawanci taransista ce ƙarama.

Kun ga ke nan wannan mikoro yana bukatar kuran, watau wutar lantarki, don aiki biyu: a ɗura wa tantani, a kuma ciyar da mai ƙarfafa saƙo. In babu wuta, kurma ne.

Ƙarfin turawar lantarki da bolt ake auna shi. Pil ɗaya na tocila bolt ɗaya da rabi ne. Yawancin mikoro mai kwandansa bolt 48 yake so, watau kamar pil 32 a jere. Amma abin da yake sha kaɗan ne ƙwarai. Wutar tana fitowa daga teburin haɗa sauti da ke gaban ma'aikacin sitidiyo. In kun duba gindin mikoron, za ku ga ƴan ƙusoshi uku inda waya take shiga. Ta wannan waya ɗaya murya take fita, ta nan kuma wuta take shigowa. Da yake ba a ganin wata waya ta wuta dabam, sai masu sana'ar suka sa mata suna wutar fatalwa. A teburin akwai maɓalli an rubuta 48 V a kansa. Sabon ma'aikaci yakan manta da shi, ya yi ta magana ba a jin kome, ya ce mikoro ya lalace.

Akwai kuma waɗanda ake sa wa pil a ciki, da waɗanda suke shan wutarsu daga kwamfuta.

Me ya sa ake wannan wahala?

Mikoron mai tallan magani ba ya bukatar wuta. A cikinsa ma akwai tantani, amma an manna masa naɗin siririyar wayar tagulla, naɗin kuma yana zaune cikin maganaɗisu. In tantani ya motsa, naɗin ya motsa, lantarki ya samu da kansa, kamar yadda injin fitilar keke yake ba da wuta in ƙafa tana juyawa. Dabara ce mai kyau, mai ƙwari.

Amma tantaninsa yana ɗauke da kaya. Ku sa yara biyu tseren zuwa da komowa tsakanin itace biyu, ɗaya hannu sake, ɗaya da tulu a ka. Mai tulu zai je ya komo, amma ba ya iya juyawa da sauri. Tantanin mikoro mai kwandansa ba ya ɗauke da kome sai ƙurar zinariya. Iska kaɗan ta ishe shi, kuma yana iya juyawa sau dubbai a daƙiƙa ba ya makara.

Ku faɗi waɗannan kalmomi a hankali: sara, shara, tsara. Sa'an nan: kafa, ƙafa. Abin da ya raba su ɗan sauti ne a farkon kalma, gajere, siriri. Sautin s da sh da ts yana cikin karkarwa mai saurin gaske, dubu huɗu zuwa dubu takwas a daƙiƙa, har fiye. Tsohuwar wayar tarho ba ta ɗaukar abin da ya wuce 3.400, shi ya sa mutane suke yawan cewa "Me ka ce?" in ana faɗin suna a cikinta. Mikoro mai maganaɗisu yana ɗaukar waɗannan sautuka daidai gwargwado. Mai kwandansa yana ɗaukar su tas, har da ɗan ƙas ɗin da ke cikin ƙ, wanda kuke sa wa ƙugiya a rubutu.

A waƙa bambancin ya fi fitowa. In mai gurmi yana kiɗa, ana jin yatsansa yana taɓa tsirkiya kafin sautin ya tashi. In mawaƙi ya ja numfashi, ana ji. Don haka masu ɗaukar waƙa suke son sa.

Amma ba a ce ya fi ɗan'uwansa a kowane wuri ba. Wanda ya kai shi filin kokawa ya yi wauta. Gidajen rediyo da yawa ma sun fi son mai maganaɗisu don karanta labarai, musamman in ɗakinsu bai toshe ƙarar waje sosai ba. Kunne mai kaifi ba ya zaɓe. Zai ji mai magana, ya ji fanka, ya ji kujera, ya ji jakin maƙwabta.

Gaba da baya

Kunnenmu yana ji ta kowane gefe. Shi kuwa mikoron sitidiyo, yawanci an yi shi don ya ji gabansa sosai, ya ji gefe kaɗan, bayansa kuwa kusan ba ya ji.

Dabarar tana cikin ramukan farantin nan. Waɗansu ramukan sun huda har baya, don sauti ya sami hanyar zuwa bayan tantani, amma da ɗan jinkiri. In sauti ya fito daga gaba, yana bugun fuskar tantani tun kafin ya zagayo baya, sai tantani ya motsa. In ya fito daga baya, wani sashe ya zagayo ta gaba, wani ya bi ta ramuka, su iso lokaci ɗaya. Kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙyaure, ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje. Ƙyauren ba ya motsi.

In aka zana wurin da yake ji a takarda, zanen yana kama da zuciya irin wadda ake zanawa. Waɗansu manyan mikoro suna da tantani biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da maɓallin zaɓe. Ana iya sa shi ya ji gaba kaɗai. Ana iya sa shi ya ji gaba da baya ya bar gefe, don mutum biyu masu hira suna fuskantar juna. Ana iya sa shi ya ji ko'ina, don ƴan amshi su kewaye shi.

Ku lura da wannan. Tantanin a tsaye yake cikin ragar, yana kallon gefe, ba sama ba. Gabansa shi ne inda alamar kamfani take. Baƙo yakan zo ya sunkuya yana magana ta ƙoƙon kansa, yadda ya saba da na biki, sai murya ta fito kamar daga cikin rijiya.

Akan sami waɗansu ƙananan maɓallai biyu kuma. Ɗaya yana rage ƙarfin ji, don abu mai ƙara kamar kakaki ko algaita. Ɗayan yana yanke ƙugi mai kauri, irin na manyan motocin da ke bin kwaltar da ta ratsa Gidan Rumji da Agiye da Gazawa ta nufi Damagaram.

Abokan gabarsa

Na farko numfashi. Ku sa tafin hannu gaban bakinku ku ce "buta", ku ce "papa". Kun ji iska ta bugi hannun? Ga tantani mai kaurin mikiron 6, wannan guguwa ce. A rediyo sai a ji bum. Don haka ake kafa wani zobe mai siririn ƙyalle tsakanin baki da mikoro, kamar matankaɗi. Sauti yana wucewa, bugun iska yana watsewa. Ƙyallen yana kuma tare yawu.

Sai ƙura da laima, kuma a ƙasarmu su ne manya. Kun ga yadda takarda ta manne wa bik. Haka ƙurar hunturu take manne wa tantani, tun da shi ma yana ɗauke da lantarki. Ƙurar kaɗai tana ƙara masa nauyi. Amma ɓarnar tana bayyana da damina. A watan Agusta iska tana cike da laima, numfashin mai magana ma da laimarsa. Ƙurar ta jiƙe, ta zama ƴar hanya, lantarkin da aka ajiye ya riƙa zurarewa ta kanta. Sai a ji cir-cir kamar ana tuya ƙosai, ko murya ta ɗauke ta komo. Ku gwada bik da takarda ranar da aka yi ruwa, za ku ga da ƙyar yake ɗaukarta. Dalilin ɗaya ne.

Ba a goge tantani da tsumma, ba a hura shi. Wanke shi aikin gwani ne, gwanayen kuwa ba su da yawa, kuma suna nesa. Akwai mikoro mai kwandansa mai araha, akwai kuma wanda ya fi sabon babur tsada. Ƙaramin gidan rediyo da ya yi asarar nasa yana iya daɗewa bai sami wani ba. Maganin mai sauƙi ne: in an gama aiki a rufe shi, ko a mai da shi akwatinsa tare da ƴar jakar ƙwayoyi masu shan laima, irin wadda ake samu cikin kwalin sabon takalmi.

Kwandon igiyoyin robar da yake rataye a ciki kuwa don girgiza ne. In wani ya taka ƙasa da ƙarfi, ko ya bugi tebur, girgizar tana hawowa ta sandar ƙarfe. Robar ce take shanye ta.

Ɗakin kansa ma yana iya zama abokin gaba. Ku tafa hannu a cikin aji mai siminti da rufin kwano in ba kowa, za ku ji amsa-kuwwa. Ku tafa a cikin bukka ta kara da tabarmi, ba za ku ji ba. Bango mai tauri da santsi yana mai da sauti, abu mai laushi yana shanye shi. Shi ya sa ake lulluɓe bangon sitidiyo da soso ko labule mai kauri. Waɗansu suna manna kwalin ƙwai. Yana ɗan rage amsa-kuwwa, amma ba ya hana ƙarar waje shiga. Wannan sai bango mai kauri da ƙyaure mai rufuwa ruf. A nan ginin ƙasa irin namu ya fi kwano nesa ba kusa ba.

Daga ina ya fito?

Wani masani ɗan Amurka, Edward Wente, shi ya ƙago mikoro mai kwandansa a shekarar 1916, yana aiki a kamfanin Western Electric mai yin kayan tarho. A 1928 wani Bajamushe, Georg Neumann, ya kafa kamfani a Berlin, ya fara yin su da yawa don sayarwa. Na farkon ya yi girma har ana ce masa kwalba. Kamfanin ne kuma ya fito da wutar fatalwa ta bolt 48 a 1966.

A ƙasarmu, rediyon Nijar ya fara watsa shiri a 1958. Shi ne ake kira Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, inda ake shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, a ɗauki ra'ayin manoma da makiyaya a harshensu, a aika Yamai, ƙasa duka ta ji. Daga baya aka sami gidajen rediyo masu zaman kansu, kamar Anfani a Maraɗi, da na ƙauyuka. Mawaƙa irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, har yau ana jin muryarsu da kalangunsu, don wata rana sun tsaya gaban mikoro.

A wannan shekara ta 1962 kuma, masana biyu a Amurka, Gerhard Sessler da James West, suka sami wata leda da take riƙe lantarkinta shekaru da yawa ba ya zurarewa, kamar bik ɗin da aka goga sau ɗaya ya isa. Da ita aka yi ƙananan mikoro masu araha na rediyo mai kaset da na tarho. Wanda ke cikin wayar salula ta yau ma kwandansa ne, da tantaninsa da farantinsa, duk ɗinsa bai kai ƙwayar wake ba. Yana bayan ɗan ramin nan da ke gindin wayar. Kada ku tsokane ramin da tsinke.

In an kai ajinku gidan rediyo

Ku tsaya ko ku zauna ta gefen da alamar take. Ku bar ratar santimita 15 zuwa 20 tsakanin bakinku da shi, kamar tsawon tafin hannun babba. Kada ku ɗaga murya yadda ake yi a dandali, ku yi magana kamar da wanda ke zaune kusa da ku. In an ce ku gwada shi, kada ku hura, kada ku ƙwanƙwasa. Ku ƙirga ɗaya, biyu, uku. In kuna riƙe da takarda, ku riƙe ta tsit, don ƙarar juya ta tana fita fiye da yadda kuke zato.

Kafin ranar, ku roƙi malam ya ɗauki muryarku da wayarsa. Ɗaya ya faɗi "sara, shara, tsara" a nisan tafin hannu, sa'an nan ya sake faɗi a nisan taki biyar. Ku yi haka cikin aji, ku sake yi cikin bukka. Ku saurari guda huɗun idanu a rufe. Kowa ya rubuta a allonsa kalmar da ya ji, sa'an nan ku ƙirga a wanne aka fi yin kuskure.